Kwanon Abincin Seu Genival

Ranar Talata da ranar Juma'a ake ɗora babbar tukunya a bayan cocin unguwar Tamboril, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ludayin yana hannun Dona Lindalva. Gajeriyar mace ce mai jiki, shekarunta hamsin da takwas, da murya irin ta wadda ta saba ƙwala wa mutum kira daga wancan ƙarshen gonar rake. Mata bakwai na zumuntar coci ne ke taya ta. Abin da Allah ya kawo shi ake dafawa: wake, kabewa, ƙasusuwan da mahauci ya ware musu, wani lokacin har da taliya idan mai kanti ya tashi da tsoron Allah. Masu ƙafa su zo da robobinsu su yi layi. Waɗanda ba sa iya fitowa kuwa, tsofaffi da masu jego da majinyata, sai a zuba musu a kwano mai murfi, a ɗaure da tsumma, kowace mace ta ɗauki na hanyar gidanta ta kai.

Wata Talata cikin watan Mayu, damina ta kankama, Ivonete ta zauna kusa da ita tana feraye kabewa. Ivonete ce ta riƙe Edvaldo, ɗan Lindalva, ranar baftismarsa, tun daga nan suke kiran juna komadre. Babu labarin da zai shigo Tamboril bai fara biyowa ta ƙofar gidanta ba.

Ta ce, "Komadre, kin ji an tare a ɗakin nan na bakin rafi, wanda mai gawayi ya mutu ya bari?"

Lindalva ta ce, "Wane mai ƙarar kwana ne? Ɗakin da ko akuya aka kai sai ta yi gardama."

"Tsoho ne, shi kaɗai. Ƙafa ɗaya ta kumbura kamar tulu, ba ya gani sosai. An ce kwana biyar ke nan ba a ga hayaƙi a wajen ba."

"To a ƙara kwano ɗaya mana. Hanyata ce ai."

Ivonete ta ajiye wuƙar a cinya. "Ki tsaya ki ji sunan tukuna. Seu Genival ne."

Ludayin ya tsaya a cikin tukunya.

Duk wanda ya haura shekara talatin a Tamboril ba zai tambayi wane ne Seu Genival ba. Kusan kowa a unguwar daga gonar kamfanin suga ya fito, can inda aka haife su da iyayensu, kowane gida da ɗan filin rogonsa da bishiyar mangwaro. Genival shi ne kabo, mai raba wa masu saran rake aiki da safe, ya auna musu da yamma. A kan alfadari yake yawo, da doguwar sandar awo wadda kowa ya san tana tsallake ƙasa idan ta zo kan aikin wanda ba ya so. Erasmo, mijin Lindalva, ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce a sake awo. Sati bai zagayo ba aka sallame shi, aka kuma baza sunansa a duk gonakin yankin, ba mai ɗaukarsa ko sharar fili. Bayan wata huɗu kamfani ya ce yana son filayen gidajen, rake zai shuka. Genival ne ya zo da tarakta. Lindalva tana tsaye da tukunya a ka, Edvaldo ɗan shekara tara yana riƙe da siket ɗinta, aka ture bangon ɗakinta, aka bi ta kan rogon da saura sati uku a tone. Ta roƙe shi ya bari ta cire ƙyauren ƙofa, na katako ne mai kyau, mahaifinta ya sassaƙa. Ya ce ba shi da lokaci.

Daga nan Erasmo ya shiga bin motocin da ke kwasar lebura zuwa gonakin kudu masu nisa, wata takwas a can, wata huɗu a gida. A shekara ta shida ya dawo ƙoda ta lalace. Bai ga ta bakwai ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da rushe gidan. Shi kansa kamfanin ya durƙushe tuni, aka sayar da injinansa, aka karɓe gidan da Genival yake ciki. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. An ce ya yi gadi a wata ma'ajiyar siminti har ciwon suga ya ci idonsa, suka ce ya huta.

Kafin wake ya nuna, duk matan sun ji. Ɗaya ta ce ya je ya ci rake, ai shi ya yi wa bauta. Wata ta ce Allah ne ya kawo shi nan don su gani da idonsu. Wata tsohuwa ta ce mutum dai mutum ne, aka yi mata ca har ta koma wankin kwanoni. Lindalva ta ci gaba da juya tukunya. Ta raba abinci kamar kullum, ta ɗauki kwanoni uku na hanyarta, ba ta ƙara na huɗu ba.

Ranar Alhamis ta sami limamin cocin, Padre Osvaldo, a bisa tsani yana gyaran indararon coci. Siririn mutum ne mai ciwon baya, wanda ya fi iya gyaran famfo da babur a kan wa'azi, kuma shi ma ya san haka.

Ta ɗaga kai ta ce, "Padre, ka ji wanda ya tare a bakin rafi?"

"Na ji. Jiya na je."

"Ka je?"

"Na kai masa burodi biyu. Ya ce mini kwantai ne." Ya miƙo hannu ƙasa. "Ba ni guduman nan."

Ta miƙa masa. "To yanzu me kake so in yi?"

"Ni ban ce komai ba, Dona Lindalva. Ke kika zo."

"Mutumin nan shi ya kashe Erasmo. Bai sa masa wuƙa ba, amma shi ne."

"Ban musa ba."

"Kada ka ce mini in yafe."

"Ban ce ba. Wannan tsakaninki da Ubangiji ne, kuma na lura ya fi ni iya jira." Ya buga ƙusa, ya sake bugawa. "Abu ɗaya dai na tuna. Lokacin da aka fara ɗora tukunyar nan, ina sabon zuwa, ke kika ce ba za a tambayi kowa cocin da yake zuwa ba, ko jam'iyyar da ya zaɓa, ko yana shan giya. Kika ce da Yesu ya ce a ciyar da mai yunwa, bai ce a fara bincika halinsa ba. Har wa'azi na yi da maganar, aka yi ta yabona."

"Ban yi maganar da Genival a raina ba."

"Na sani. Ba wanda yake yi."

"To ka kai masa da kanka."

"Zan kai, in kin zuba. Ludayin a hannunki yake."

Ta tafi ba ta yi masa sallama ba.

Ranar Juma'a ta zuba kwano na huɗu. Padre ya tafi jana'iza a ƙauye, sauran matan kuwa kowacce ta sunkuyar da kai kamar ba ta ga kwanon ba. Ta ɗaure shi, ta ɗora a kan sauran, ta kama hanya. Daga gidan ƙarshe zuwa rafi hanyar taɓo ce zalla, sai da ta cire silifas ta riƙe a hannu.

Ɗakin na jar ƙasa ne da itace, rabin rufin ya zube, an tare da leda. Yana kwance a ragar kwanciya wadda ya ɗaura daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Mutumin da ta sani ƙato ne mai wuya kamar na bijimi. Wannan kuwa ƙashi ne da fata, sai gashin baki da bai canja ba. Ƙafar hagu na naɗe da tsohuwar riga, ƙudaje na bi.

Ya ce, "Wane ne?"

"Daga coci."

Ta kwance kwanon ta ɗora masa a ciki, ta ba shi cokali. Ya ci kamar za a ƙwace. Sai da ya kai rabi ya ɗago.

"Gishiri bai ji ba. Babu garin rogo?"

Akwai, a ƙulle a leda. Ta zuba masa. Ta tsaya tana kallonsa yana cakuɗawa.

Ta ce, "Ba ka gane ni ba, Seu Genival?"

Ya ƙanƙance ido. "Inuwa kawai nake gani."

"Lindalva ce. Matar Erasmo."

"Wane Erasmo?"

Shekara ashirin da biyu tana shirya abin da za ta faɗa wa mutumin nan, a wajen wanki, a wajen girki, a kan bencin asibiti. Ba ta taɓa shirya amsar wannan tambayar ba.

"Wanda ya ce a sake awo."

"Oho. Mai gardamar nan." Ya kai cokali baki. "Yana nan?"

"Ya mutu. Kai ka rushe mana gida."

"Gida arba'in da uku na rushe a watan nan, Dona. Umarni aka ba ni. Da ban yi ba wani za a sa, ni kuma a kore ni da 'ya'ya biyar."

"Ƙyauren ƙofata fa? Shi ma umarni ne?"

"Wane ƙyaure?"

Ta jira ya suɗe kwanon, ta karɓa, ta fita. A hanya ta zame ta faɗi zaune a cikin taɓo, ta zauna nan tana zagin taɓon da duk zagin da ta sani.

Talatar da ta biyo ba ta zuba kwano na huɗu ba. Juma'a ma haka. Ba wanda ya yi mata magana, Ivonete dai ta kan dube ta ta kawar da kai. Padre ya tafi taron limamai na sati guda a Recife, bai san abin da ake ciki ba. Ranar Lahadi da mutane suka tashi zuwa karɓar jibin Ubangiji, Lindalva ta zauna a bencinta tana kallon ƙafafunta. Ba ta taɓa zama ba tun mutuwar Erasmo. Ta koma gida ta dafa dambun masara da ƙwai, ta sa a gaba, ta kasa ci. Ruwa kuwa kwana uku yana zuba ba ƙaƙƙautawa.

Litinin da safe, ba ranar tukunya ba, ta zuba kofi mai zafi a kwalba, ta ƙulle dambun da ta ɗumama, ta gangara rafi.

Tun daga waje warin ya tare ta. Ledar rufin ta yage, ruwa ya kwanta a ɗakin har idon sawu. Yana cikin ragar, jikinsa zafi rau, yana surutai da mutanen da ba sa nan. A ƙasa ga ɓawon ɗanyen mangwaro da ya ci yana yawo a kan ruwa. Ta ɗaga rigar da ke ƙafar, ta mayar da sauri. Yatsun sun yi baƙi ƙirin.

Ta ɗura masa kofi kaɗan, ta fito da gudu irin wanda gwiwoyinta suka yarda da shi.

Edvaldo yana ƙofar gidansa yana ba dokinsa dusa. Magidanci ne yanzu, shekara talatin da ɗaya, da amalanke yake ɗaukar yashi da bulo.

"Sa mini albarka, Mama."

"Allah ya yi maka albarka. Ɗaura dokin nan, asibiti za mu."

"Wa ya kwanta?"

Ta faɗa masa. Ya dube ta, ya dubi dokin, ya yi wata 'yar dariya.

"Mama, kin sha wani abu ne da safen nan?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Ni in ɗauki Genival a amalankena? Ina nan tsaye aka ture mana ɗaki. Ni na riƙa zubar da fitsarin Baba a gwangwani. Ki bar shi ya ruɓe a inda yake."

"Sati guda na bar shi, ga abin da ya zama. Ni na yi wannan, ba kai ba." Ta share ruwan sama daga fuskarta. "Ba shi ke roƙonka ba, ni ce. In ba za ka zo ba, zan ari baro in turo shi da kaina, duk Tamboril ta ga uwar Edvaldo mai amalanke tana tura baro a taɓo."

"Kullum haka kike yi."

"Haka nake yi. Ɗaura."

Ya ɗaura, yana ƙunƙuni. Amalanke ba ya iya sauka rafi, sai suka tsayar da shi a gidan ƙarshe. Padre Osvaldo ya dawo daren jiya, Ivonete ta je ta kira shi. Suka zura dogon gora a cikin igiyoyin ragar, Edvaldo a gaba, Padre a baya da ciwon bayansa, suka hauro da Genival yana lilo a tsakiya. Mutane suka fito ƙofofinsu, ba wanda ya sa hannu. Wani dattijo mai yatsu uku a hannun dama ya ɗaga murya daga taga.

"Edvaldo! Ka auna shi tukuna, kada a cuce ka a kuɗin dako!"

Aka yi dariya. Edvaldo bai juya ba.

A asibitin gari, ma'aikaciyar da ke karɓar majinyata ta tambayi Lindalva mene ne tsakaninta da shi.

Ta ce, "Maƙwabciya."

"Ba shi da dangi?"

"Ba su nan."

"To dole wani ya zauna da shi. Ba mu da hannun da zai ba shi abinci da juya shi."

Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da ba ƙafa kaɗai ba ce. Lindalva ba ta gaya masa cewa da an rage kwana bakwai wataƙila da yatsu kawai za a cire ba. Ta gaya wa Padre, a wajen furta zunubi, ta kuma gaya wa kanta sau da yawa.

Kwana goma sha tara ya yi a asibitin. Ita da Ivonete suka riƙa karɓa-karɓa, yini ɗaya wannan, yini ɗaya waccan. Ivonete ba ta fasa mita ba ko sau ɗaya.

"Komadre, in na shiga aljanna saboda wannan tsohon, sai na nemi a ba ni ɗaki mai taga. Jiya ce mini ya yi ban iya gyara matashin kai ba. Ni! Na binne miji biyu, kowanne a kan matashin da na gyara ya cika."

Ivonete ce kuma ta binciko lambar wayar babbar 'yarsa, Marluce, mai aikin goge-goge a São Paulo. Lindalva ta kira. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Dona, na gode da kika kira. Mutumin nan da igiyar alfadari yake dukan mahaifiyarmu. Ɗaki ɗaya gare ni, da yara uku. In ya mutu ki sanar da ni." Ta kashe.

Da aka sallame shi, babu inda za a kai shi. Ɗakin bakin rafi ya ƙarasa zubewa. Gidan tsofaffi na gari ya cika, an ce a jira, ba a faɗi har yaushe ba. Akwai wani ɗan ɗaki a jikin madafar coci inda ake ajiye buhunan wake da kujerun biki. Padre ya ce shi ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba, madafar ta mata ce. Aka zauna bayan sujadar Lahadi, aka yi ta hayaniya har kusan azahar. Lindalva ta yi magana sau ɗaya.

Ta ce, "Ba na sonsa. Ko ganinsa ba na son yi. Amma ban san inda aka ce mana mu zaɓi talakan da ya yi mana daɗi ba. Wanda ke da wani wurin da za a kai shi ya faɗa, yanzu in kira Edvaldo."

Ba wanda ya faɗa. Mata biyu suka kwance atamfar girkinsu suka ajiye, ba su sake dawowa ba. Ɗaya a cikinsu ƙawar Lindalva ce tun suna 'yan mata, har yau in sun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai. Mahauci, wanda gidan ubansa na cikin arba'in da ukun nan, ya daina ware ƙasusuwa. Wata biyu ana cin wake da kabewa gaya, masu layi suna tambayar ina romo, wasu suna cewa saboda Genival ne a gabanta. Daga baya matar mahaucin ta fara kawo ƙasusuwan da kanta a cikin bokiti, ba ta ce komai ba, ba a tambaye ta ba.

Haka Seu Genival ya zauna a ɗakin buhuna. Aka samo masa tsohuwar kujera mai taya daga wata coci a gari. Ranar tukunya sai a turo shi bakin ƙofa, a ɗora masa faifai a cinya yana tsince wake da yatsu, tunda idon ba ya aiki. Sauran ranaku Lindalva ke kawo masa daga abin da ta dafa a gida. Padre da wani tsohon katikis, mai koyar da addini a cocin, ke yi masa wanka. Halinsa bai gyaru ba. Ya ce wuta ta yi yawa, ya ce an cika ruwa, ya ce matan yanzu ba su san aiki ba. Ivonete ta ce masa in ya ƙara magana za ta tura kujerar ta sake ta a gangaren rafi, ya ce ko turawar ba za ta iya daidai ba.

Wata Juma'a cikin watan Nuwamba, ana ƙona gonakin rake, toka na sauka a kan komai, sauran matan sun tafi kai kwanoni. Lindalva na kankare gindin tukunya, shi yana bakin ƙofa da faifai.

Ya ce, "Dona Lindalva."

"Mene ne kuma?"

"Sunan mijinki. Ni na kai shi ofis, ni na ce a aika wa sauran gonaki. Wannan ba wanda ya ba ni umarni. Ya kunyata ni ne a gaban mutane."

Ta ci gaba da kankara. "Na sani."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani."

Can ya ce, "Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kake so in ce? Tsince waken nan, akwai tsakuwa a na ranar Talata."

Ta gama wanke tukunyar, ta kife ta, ta zagaya bayan tankin ruwa inda ba mai ganinta. Ta daɗe a can. Da ta fito ta wanke fuska, ta zuba masa abincinsa, ta sa masa cokali a hannu.

Da ta je furta zunubi a satin, ta ce wa Padre har yanzu ba ta yafe ba, ta duba zuciyarta ba ta ga alamar za ta yafe ba.

Ya ce, "Kina kai masa abinci?"

"Kullum."

"To ci gaba. Ki kuma riƙa tashi karɓar jibi, ki daina zama a benci kina kallona."

Wata goma sha huɗu ya yi a ɗakin. Wata safiya cikin watan Agusta Ivonete ta kai masa kofi ta tarar ya cika, fuskarsa ga bango. Hukumar gari ta ba da akwatin gawa irin na marasa galihu. Mutum shida ne a maƙabarta: Padre, katikis, Lindalva, Ivonete, mai haƙa kabari, da Edvaldo, wanda ya ce shi dako kawai ya zo yi, amma ya cire hula da aka fara addu'a.

Lindalva ta sanar da Marluce kamar yadda ta ce. Ba ta zaci za ta zo ba. Bayan kwana uku sai ga wata doguwar mace mai furfura a gaban goshi ta sauka daga motar São Paulo da 'yar jaka, ƙafafunta sun kumbura saboda zama. Lindalva ta raka ta maƙabarta. Matar ta tsaya gaban tudun ƙasar kamar minti biyar, hannu a harɗe, ba ta yi kuka ba. Daga nan suka koma gidan Lindalva, ta dafa mata rogo da busasshen nama. Suka yi hirar ciwon gwiwa, da tsadar haya a São Paulo, da ɗan Marluce na tsakiya da ba ya son makaranta. A nan ta kwana.

Da safe a tasha, mota na ɗumama inji, Marluce ta ce, "An gaya mini abin da ya yi muku."

"Ya yi."

"Ya sha wuya a ƙarshe?"

Lindalva ta yi tunani kafin ta amsa. "Sati ɗaya ya sha wuya ƙwarai, kuma laifina ne. Bayan wannan ya ci, ya sha, an yi masa wanka, ya sami waɗanda zai yi wa faɗa."

Marluce ta yi ɗan murmushi. "Ya ambace mu?"

"Ya ce ke ce mai kai a cikinku. Sau ɗaya ya faɗa, ga Ivonete, ba ni ba."

Matar ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon tayar motar. Direba ya danna oda. Lindalva ta miƙa mata ƙullin dambun masara da kwalbar kofi na hanya, ta ce ta riƙa miƙe ƙafa duk inda aka tsaya, kada ta zauna a mota don jin kunya. Marluce ta rungume ta da hannu ɗaya, ta hau. Lindalva ta jira har motar ta karya kwana wajen gidan mai, sannan ta tsallaka titi ta shiga kantin magani ta sayi man shafawa na gwiwa.